Me ya sa allura ɗaya ke kwantar da wani, ta bar wani a tsaye?

Kwalbar allurar ƙyanda da ma'aikacin lafiya ke cirowa daga akwatin sanyi, a yawancin asibitocinmu na Garwa da Marwa da Kuseri, rabon yara 10 ce. Da safiya ɗaya ake yi musu, daga ruwa ɗaya. Amma bayan mako guda sai ka ji jikin ɗayansu ya yi rau, ya ƙi nono, wataƙila ma ƴan ƙuraje sun feso masa, sauran kuwa suna ta rarrafensu ko a jikinsu. Uwar wanda ya kwanta ba ta yi laifi ba in ta tambaya: me aka zuba wa nawa da ba a zuba wa nasu ba? Ba a zuba masa komai daban ba. Bambancin yana cikin jikin da ya karɓa.

Shekara da shekaru likitoci ba su da abin cewa da ya wuce jiki da jini, ba a taru an zama ɗaya ba. Gaskiya ce, amma ba ta kwantar wa uwa hankali. Da na'urorin awon jini suka ƙara kaifi a shekaru ashirin da ɗoriya da suka wuce, masu bincike sun shiga neman abin da suke kira alamomi: wani sinadari a cikin jini, ko wata ƙwayar gado da mutum ya ɗauko daga iyayensa, wadda in an gan ta za a ce ga dalilin da ya sa jikin wane ya yi kaza. An samo da dama. Abin da suka nuna ya raba laulayin bayan allura gida biyu da ba su haɗa hanya ba, kuma rashin rarrabe su ne ke jawo mana asara: wasu su guji allura saboda zazzaɓin da ba shi da haɗari, wasu kuma su zauna a gida da ciwon da ya kamata a ruga da shi asibiti, suna cewa ai na allura ne, zai wuce.

Mu fara da gidan da kowa ya sani. Rigakafin bairos iri-iri ne. Na ƙyanda da na shawara da ɗigon shan inna da ake ɗiga wa yara a baki, ƙwayar cutar ce da ranta, sai dai an raunana ta har ba ta iya kayar da mai lafiya. Na ciwon hanta nau'in B ɗan yanki ne kawai na ɓawon ƙwayar. A cikin na korona da aka kawo Kamaru da Chadi a 2021, Sinopharm matacciyar ƙwaya ce, Johnson & Johnson wani bairos ne da aka hana hayayyafa aka ɗora masa saƙo, Pfizer kuwa saƙon ne kaɗai a cikin ɗigon mai. Ko wanne ne, da zarar ya shiga jiki akwai ƙwayoyi masu gadi da ke gane baƙo ya shigo tun kafin su san ko wane ne, kuma aikinsu na farko kururuwa ne. Kamar dai unguwa ce da tsakar dare wani ya ƙwala ihun ɓarawo: kowa ya farka, a danne ƙofofi, samari su fito da sanduna, kuma daren nan babu mai barcin kirki ko da ɓarawon bai ɗauki ko tsinke ba.

Kururuwar jiki sinadarai ce da ake kira saitokin. Babbansu wajen yaƙi da bairos shi ne intaferon, wanda Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano a Landan a 1957. Shi ke gaya wa ƙwayoyin da ke maƙwabtaka su kulle, kada bairos ya sami wurin hayayyafa. Akwai kuma IL-1 da IL-6 da TNF, waɗanda ke buɗe ƙananan jijiyoyin jini a wurin da aka soka allura, wurin ya kumbura ya yi zafi. In suka bi jini suka kai ƙwaƙwalwa sai su sa a samar da wani sinadari, furostagilandin, mai ɗaga mizanin zafin jiki sama. Shi ya sa mutum ke rawar ɗari yana neman bargo alhali jikinsa zafi zau. Ciwon kai da tsamin jiki da kasala da rashin cin abinci duk daga nan suke, kaluluwar da kan fito a hammata kuwa wurin da sojojin jiki suka taru ne suna koyon kamannin baƙon. Hujjar cewa kururuwar ce ke wahalar da mutum tana hannun masu ciwon hanta da aka riƙa yi wa allurar intaferon a matsayin magani: irin wannan zazzaɓi da tsamin jikin suke yi sak, ba tare da an yi musu wani rigakafi ba.

Lokacin da zazzaɓin ya zo yana faɗin abu mai yawa, kuma wannan alama ce da ba ta bukatar na'ura, kwanan watan da aka rubuta a karnen yaro, wato katin allurarsa, kawai za a duba. Allurar da ba ta hayayyafa a jiki, kururuwarta nan take ce: zazzaɓi ya zo a daren ranar ko washegari, ya sauka kafin kwana uku. Ta ƙyanda kuwa sai ƙwayar ta ɗan hayayyafa tukuna, don haka zazzaɓinta kan zo ne tsakanin kwana 7 zuwa 12, ga yara 5 zuwa 15 cikin 100, ya yi kwana ɗaya ko biyu ya tafi. Ta shawara, wadda ake yi tare da ita a wata tara, takan kawo ɗan zazzaɓi da ciwon jiki cikin kwanaki goman farko.

A nan nake ganin muke yawan tuntuɓe. Daga Yuli zuwa Oktoba, daga bakin Binuwai har bakin Logon da Shari, zazzaɓin ƙaramin yaro na cizon sauro ne har sai gwaji ya ce a'a. Uwa ta kwance goyo, ta ɗora bayan hannunta a goshin yaro ta ji zafi, kakarsa ta ce ai allurar shekaranjiya ce, a ba shi farasitamol a ƙyale shi. Kwana biyu ana haka, ashe maleriya ce ke shanye masa jini. Gwajin maleriya na gaggawa, wato TDR, bai fi minti 20 ba: a soki ɗan yatsa, a ɗiga jinin a ramin ƴar robar, a jira a ga layi ɗaya ne zai fito ko biyu. Yaron da ya ƙi shan komai, ko yake amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai, ba a tsayawa lissafin ko allura ce. Asibiti ake nufa da shi.

Akwai kuma laulayin da fargaba ke haifarwa, kuma ba ƙarya mai shi ke yi ba. A Janairun 2022 an fitar da wani nazari da ya haɗa gwaje-gwaje 12 na alluran korona, aka ga kusan 35 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar da ba ta ɗauke da rigakafin sun yi kukan ciwon kai ko kasala bayan ta farko. A Guro da ke arewacin Chadi, a Disambar 2012, yara da dama sun kwanta bayan rigakafin sanƙarau, masu binciken da suka bi sawun lamarin kuma ba su sami aibu a maganin ba, suka danganta shi da firgicin da ke yaɗuwa daga wani zuwa wani.

To me aka gani da aka leƙa jinin masu zazzaɓin gaske? Dattawanmu da yawa in suka naɗe hannun riga za ka ga tabon lamba a dantse, zagayayye mai ɗan zurfi, na rigakafin agana. An shelanta ƙarewar agana a duniya a 1980, amma bayan hare-haren 2001 Amurka ta ji tsoron kada a mai da ƙwayar makami, ta koma yi wa sojojinta da wasu ma'aikatan lafiya. Wannan ya ba masu bincike a Jami'ar Vanderbilt damar auna sinadarai fiye da 100 a jinin wasu ƴan sa-kai da aka yi wa rigakafin, kuma a 2006 suka ware guda shida da ke bambanta masu zazzaɓi da ƙuraje da kaluluwa daga waɗanda ba su ji komai ba. A 2008 suka ƙara da ƙwayoyin gado biyu, MTHFR da IRF1. Ta biyun aikinta tafiyar da intaferon ne.

A Danmak, inda ake rubuta kusan komai na lafiyar kowane yaro, an bi sawun jijjigar da zazzaɓin allurar ƙyanda kan kawo wa yaro ɗaya cikin 3,000 zuwa 4,000. Abin tayar da hankali ne ga mai kallo, amma galibi ba ya barin tabo a ƙwaƙwalwa. A 2014 suka sanar da ƙwayoyin gado biyu da ke tafiya da ita: CD46, ƙofar da bairos ɗin allurar ke bi ya shiga ƙwayar jiki, da IFI44L, wadda intaferon ne ke tayar da ita. A Landan kuma, a 2016, an duba mutum 178 da aka yi wa rigakafin murar H1N1, aka tarar waɗanda suka fi shan wahala tun kafin allurar suna da wani yanayi na daban a cikin fararen ƙwayoyin jininsu nau'in B.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Ebola. A ƙarshen 2014 an gwada allurar da yau ake kira Ervebo a Janiba ta Suwizalan da Hambug ta Jamus da Kilifi ta Kenya da Lambarene ta Gabon. A Janiba mutum 11 cikin 51 suka yi ciwon gaɓoɓi a mako na biyu, har aka dakatar da gwajin na ɗan lokaci a watan Disamba. A Hambug da Kilifi mutum 2 ne kacal cikin 60. Da aka auna jinin ranar farko bayan allura, aka ga wasu sinadarai irin su IL-6 da TNF da CCL2 suna tashi tare, kuma gwargwadon tashinsu gwargwadon zazzaɓi da rawar ɗari da tsamin jiki. An sake ganin haka a jinin mutanen Lambarene. Amma cikin waɗanda aka zuba wa ruwan allurar da yawa a Janiba, masu ciwon gaɓoɓin su ne waɗanda sinadaransu ba su tashi sosai ba a ranar farko. Wannan ya kai mu gida na biyu.

Hankali zai ba ka cewa wanda kururuwarsa ta fi ƙarfi shi ne allura za ta iya halakawa. Ga allurai masu rai, akasin haka bincike ya nuna, kuma labarin allurar shawara ne ya fito da shi fili. A 1927 aka ɗebi jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi aka ware bairos ɗin shawara. Max Theiler, a cibiyar Rockefeller ta birnin New York, ya yi ta renon ƙwayar a naman ƴan tayin ɓera da na kaza har ta yi rauni, ta zama allurar 17D a 1937, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1951. An yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane ita, kuma sau ɗaya ya isa har ƙarshen rayuwa. Sai a 2001 aka fara ba da rahoton wasu ƴan tsirarun mutane da ƙwayar allurar ta bazu a jikinsu kamar ta daji, ta kama hanta da ƙoda cikin kwanaki goman farko. Kimanin mutum 3 ne cikin miliyan, amma kusan rabinsu ba sa tashi. Ba abin ɓoyewa ba ne, kuma ba na ganin ɓoye shi yana ƙara wa kowa amana. Sai dai a ajiye shi kusa da ɗan'uwansa: shawarar da sauro ke kawowa, wadda ta sake ɓulla a Kamaru da Chadi a 2021, rabin waɗanda ta kai mataki na biyu mutuwa suke yi cikin kwana 7 zuwa 10.

Su wane ne waɗannan uku cikin miliyan? A 2019 tawagar Jean-Laurent Casanova, mai aiki tsakanin New York da Paris, ta ba da labarin wani yaro ɗan Iran da ya kwanta rai a hannun Allah bayan allurar ƙyanda, da wata yarinya ƴar Burazil da haka ta same ta bayan ta shawara. Dukansu lafiya lau suke kafin nan. Abin da ya haɗa su shi ne an haife su babu IFNAR1, wato kunnen da ƙwayoyin jiki ke jin intaferon da shi. Ana ta ihu a unguwa, amma a gidansu ba mai ji, ƙofa a buɗe, don haka ƙwayar da aka raunana ta sami sarari ta yi ta hayayyafa. A 2021 tawagar ta duba mutum 8 da allurar shawara ta kai bakin mutuwa, ta gano dalili a jikin 5: biyu larurar kunnen ce ta gado, uku kuwa, masu shekara 47 da 57 da 64, jikinsu ne ya ƙera sinadaran kariya da suka juyo suna kashe intaferon ɗin kansa. Irin waɗannan sinadarai aka samu a jinin kusan mutum 10 cikin 100 na waɗanda korona ta kai gargara, kuma suna ƙaruwa da tsufa: kusan 4 cikin 100 na waɗanda suka haura 70 suna ɗauke da su ba su sani ba. Wannan ya warware wata tsohuwar tambaya ma. Tun 2004 aka lura cewa 4 cikin mutum 23 na farko da wannan ya samu an taɓa cire musu taimus, wata ƴar tsoka ta garkuwar jiki a bayan ƙashin ƙirji, kuma an san masu ƙari a taimus suna yawan ƙera irin waɗannan sinadarai.

Ke nan sinadarin da ke sa ɗanki ya kwana yana ƙananan kuka shi ne ke tsare shi daga mummunan abin. Ba kuma a ce wanda bai yi zazzaɓi ba allura ba ta kama shi ba. Mafi yawan mutane kururuwarsu na aiki ba tare da sun ji a jikinsu ba.

Larurar gadon sai yaro ya ɗauko ta daga uwa da uba duka biyun, shi ya sa irinta ta fi fitowa inda ake auren zumunci ko a cikin al'umma ƴar ƙarama da ke auren junanta. A 2022 an gano ta a tsakanin mutanen Samowa ta tekun Fasifik da tsibiran da ke kusa da ita, an kuma gano takwararta a tsakanin mutanen Inuwit na can ƙuryar arewacin duniya. Ba ina cewa ƴaƴan auren zumunci su guji allura ba, don ƙyandar da ta addabi Chadi tun 2018 ta fi wannan haɗari nesa ba kusa ba, kuma yaron da ba ya jin intaferon ƙyandar daji ma ba za ta raga masa ba. Abin da nake cewa shi ne, in a gida an taɓa rasa yaro, ko ya kwanta rai a hannun Allah, cikin makonni kaɗan bayan allura, a faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin a yi wa ƙaninsa.

Maganar tsofaffi ta fi shafar maniyyata. Saudiyya na neman shaidar allurar shawara daga mai zuwa daga Kamaru ko Chadi, kuma mutanenmu da yawa sai gashi ya yi fari suke tara kuɗin kujera. Mummunan laulayin nan kusan duk a allurar farko yake faruwa, kuma ga wanda ya haura 60 ya kan ninka kamar sau huɗu. Don haka tambayar da ta kamaci ma'aikacin lafiya kafin ya zuƙi ruwan allura ita ce: "Baba, an taɓa yi muku ta shawara? Kuna shan wani magani kullum? An taɓa yi muku aiki a ƙirji?" Tun watan Yulin 2016 dokar lafiya ta duniya ta ce shaidar allurar shawara ba ta ƙarewa, don haka dattijon da ke da tsohon littafinsa mai ruwan ɗorawa ba ya bukatar sabuwa. Wanda likita ya ga bai dace a yi masa ba, akwai takardar uzuri da ake rubutawa. Abin da bai kamata ba shi ne sayen hatimi babu allura, don mai yin haka yana komawa gida ne cikin sauro babu kariya.

Ba duk mummunan laulayi ne daga rashin intaferon ba. A watan Maris na 2021 aka fara ganin wasu da aka yi wa allurar korona ta AstraZeneca suna samun gudan jini a jijiyoyin kai ko na ciki, alhali ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun yi ƙasa, daga baya kuma aka ga haka a Johnson & Johnson. Cikin makonni kaɗan Andreas Greinacher na Jami'ar Greifswald a Jamus da wasu suka gano alamar: sinadarin kariya da ya ɓata hanya ya kama wani furotin na jini mai suna PF4. A Ingila abin ya kai kamar mutum 1 cikin 50,000 ga ƴan ƙasa da shekara 50, yakan kuma zo tsakanin kwana 5 zuwa 30 da ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ko ciwon ciki, ko kumburin ƙafa. A nan alama ta ceci rayuka kai tsaye, don da aka san ta sai aka sauya magani, aka koma ba da sinadaran kariya ta jijiya da magungunan tsinka jini waɗanda ba hefarin ba. Kumburin tsokar zuciya da aka gani a wasu samari bayan allura ta biyu ta Pfizer ko Moderna kuwa, binciken Jami'ar Yale na 2023 ya danganta shi da tashin saitokin fiye da kima, kuma yawancinsu sun warke.

Mai karatu zai ce to a riƙa gwada kowa mana kafin a yi masa. Abin da ya faru a Finlan da Suwidin ya nuna inda gizo ke saƙar. Bayan rigakafin mura mai suna Pandemrix na 2009 da 2010, wasu yara sun kamu da ciwon da ke sa barci ya kwashe mutum da rana tsaka, wanda ba shi da alaƙa da ciwon barcin da ƙudan tsando ke kawowa. Kusan dukkansu suna da wata ƙwayar gado mai suna HLA-DQB1*06:02. Sai dai kamar mutum ɗaya cikin huɗu a can yana da ita, ciwon kuwa yaro ɗaya ya kama cikin kimanin 18,000. Da an hana duk mai wannan alama allura, da an bar dubban yara babu kariya don kare guda. Yawancin alamomin da aka samo haka suke: suna bayyana dalili bayan abu ya faru, amma ba su kai a yanke hukunci da su kafin ya faru ba.

Akwai kuma tambayar jinin wa aka auna. Kusan duk binciken nan a Turai da Amurka aka yi shi. A 2014 an kwatanta mutum 50 a Lozan ta Suwizalan da 50 a Entebbe ta Yuganda, duk an yi musu allurar shawara iri ɗaya. Tun kafin allurar garkuwar ƴan Yuganda a tashe take, kuma martaninsu ga allurar bai kai na Turawan ƙarfi ba. Jikin da ya tashi cikin maleriya da tsutsar ciki da tsargiya da ƙarancin abinci ba lalle ya yi magana da harshen jikin da bai san su ba. Alamar da aka tabbatar a Kofanhagan ta Danmak sai an sake gwada ta a Marwa kafin a ce ta mu ce.

Abin da ke hannunmu yau ba kaɗan ba ne. Awon CD4 da ake yi wa masu ɗauke da ƙwayar sida alama ce ta garkuwar jiki ta gaske, kuma wanda nasa ya gaza 200 ba a yi masa allurar shawara. Mai ciki ba a yi mata ta ƙyanda. Jaririn da bai kai wata shida ba ba a yi masa ta shawara. Wanda ƙwai ke tayar wa da borin jini mai tsanani ya faɗa, don a cikin ƙwai ake renon ƙwayar allurar shawara. Mai shan maganin daji ya faɗa. Haka mai shan ƙwayoyin ƙibar nan na kasuwa da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, don wasunsu deksametazon ne, shi kuwa in aka daɗe ana sha danne garkuwar jiki yake yi. Kunya kan hana mata faɗin wannan, alhali ma'aikacin lafiya ba zai gani a fuska ba. Sai zaman minti 15 zuwa 30 da ake cewa a yi bayan allura, wanda mutane ke ganin ɓata lokaci ne: borin jini mai toshe numfashi kamar sau ɗaya yake faruwa cikin allura miliyan, cikin mintoci yake zuwa, kuma allurar adirenalin da ke kan teburin ita ce maganinsa.

Wani lokacin ma laifin ba na jiki ba ne, ba kuma na maganin ba. Kwalbar ƙyanda da aka haɗa da ruwanta, in ta kai awa shida zubar da ita ake yi. A Samowa a 2018 jarirai biyu sun mutu saboda an haɗa allurar da wani magani daban bisa kuskure. Iyaye suka janye ƴaƴansu, a shekara mai biye ƙyanda ta kashe mutum 83, yawancinsu ƙananan yara.

Rarrabe waɗannan duka yana farawa ne daga rahoto. Ma'aikatan shirin rigakafi na ƙasa, wato PEV, suna da takarda ta musamman don abin da suke kira MAPI, wato duk wata rashin lafiya da ta biyo bayan allura, ko ita ce sanadi ko ba ita ba. Ƙirga irin waɗannan ne ya kawo ƙarshen tsohon rigakafin shawara na Dakar, wanda aka riƙa tsaga wa mutane a fata a ƙasashen da Faransa ta mulka: da aka tabbatar yana kawo kumburin ƙwaƙwalwa ga ƙananan yara sai aka daina yi musu, aka kuma bar haɗa shi baki ɗaya a farkon shekarun 1980, aka koma 17D, wadda cibiyar Pasteur ta Dakar ke haɗawa har yau. Mai kai rahoto ya tafi da karnen, ya faɗi ranar da aka yi allurar da ranar da ciwon ya fara, ma'aikaci kuma ya rubuta lambar rukunin kwalbar. Cibiyar Pasteur ta Kamaru da ke Yawunde, mai reshe a Garwa, ita ke tabbatar da gwajin shawara da ƙyanda na ƙasar. Abin da nake roƙon likitocinmu shi ne, duk sa'ad da wani ya kwanta da tsanani bayan allura mai rai, a ɗebi jininsa da yardar danginsa a adana a sanyi, don a iya neman larurar intaferon a jikin mutanenmu kamar yadda aka neme ta a jikin ɗan Iran da ƴar Burazil.